Shafin Da Auta Ba Ta Juya Ba

Shafi na 19

Masu turo min saƙo tun da sassafe wai na bar ku a tsaye, to ku nemi wuri ku zauna. Ke kuma da kika ce kin ƙona girki jiya saboda Baba Mai Agogo, ba ruwana, ki sauke tukunya kafin ki fara wannan.

*

Sau uku Auta tana goge talabijin ɗin, ba don yana da datti ba, sai don hannunta ya samu abin yi. Tun safe addu'arta ɗaya ce, Allah ya sa a ɗauke wuta. Wutar kuwa ranar kamar da gayya, ko ƙyaftawa ba ta yi ba.

"Auta, uku saura kwata," in ji Baba daga kujerarsa. "Har yanzu mai fim ɗin bai iso ba?"

"Wataƙila ya manta, Baba."

"Wannan yaron? Bai taɓa manta hanyar gidan nan ba."

Shekara uku ke nan da idon Baba ya rufe, amma har yau ba wanda ya taɓa kama shi da kuskuren lokaci. Shekara arba'in ya yi yana gyaran agogo, kuma bakwai daga cikinsu suna nan rataye a bangon falo, kowanne ya san shi da murya.

Da can fa Baba dariya yake wa Umma idan ya gan ta da littafin soyayya, ya ce mace da 'ya'ya biyu tana kuka a kan mutanen takarda. Da ido ya tafi, Umma ta fara karanta masa don ya rage zaman shiru. Ba a yi wata guda ba sai ga shi shi ke tashinta daga barcin rana, wai a ci gaba. Da Umma ta rasu shekara biyu da suka wuce, Auta ta gaji kujerar karatun. Ita ce idonsa a komai: takardar magani, saƙon waya, har wasiƙar da Umma ta rubuta masa a gadon asibiti ita ta karanta masa, ya karɓa ya adana a gwangwanin kayan gyaransa. Abin da Auta ta ce an rubuta, shi ne aka rubuta. Baba bai taɓa sa wani ya duba masa ba.

To a nan fa matsalar take.

Littafin da suka fi so shi ne Kujerar Taga, labarin wani direban bas da wata malamar makaranta da ke shiga motarsa kullum da safe, ta zauna a kujera ɗaya ta jikin taga. Ni dai ban ga laifin Baba da ya haukace a kansa ba. Marubucin nan ya iya jan rai, sai da aka ci rabin littafi kafin Direba ya iya ce wa Malama ina kwana ba tare da ya taka birki a banza ba. Amma a ƙarshe sai ya kwantar da Malama a asibiti, ya kashe ta. Auta ta leƙa gaba ta gani, lokacin ko wata huɗu Umma ba ta yi da rasuwa ba, Baba ko abinci sai an yi da gaske. Sai kawai ta riƙe littafin a buɗe, ta ƙirƙiro nata ƙarshen. A nata, Malama ta buɗe ido, ta kalli Direba ta ce, "Wa ka bari ya zauna min a kujera?"

Ranar Baba ya yi dariyar farko tun bayan rasuwar. Tun daga nan duk baƙon da ya shigo sai ya ba shi wannan ƙarshen.

Yanzu ga shi an mayar da littafin fim.

Yaya Nas ce ta fara shigowa, da rigar aikinta ta asibiti, ko gida ba ta biya ba. Ita ba ta da haƙurin karatu, amma fim ko na awa huɗu ne ba ta tashi.

"Ke Auta, me ya same ki kika yi zuru-zuru?"

"Ba komai, Yaya."

"Ba komai ɗin ne ya sa kike goge rimot da gefen mayafi?"

Kafin ta amsa aka yi sallama. Mai Littattafai ne, dogon saurayin nan da ke da shago a bakin titi, wanda duk mako yake ware musu sabon littafi. Ya durƙusa ya gaida Baba, ya gaida Yaya Nas, ya ce wa Auta sannu da gida yana kallon ƙasa. Ita ma ƙasar ta amsa wa. Shekara biyu ke nan da ta ce masa ya bar maganar aure, ba ta faɗa masa dalili ba. Ya bar maganar, amma bai bar kawo littafi ba.

Yana cikin sa memorin da fim ɗin ke ciki a bayan talabijin, agogon hannunsa ya yi ƙara sau biyu.

"Har yanzu yana gudu da minti uku," in ji Baba. "Na ce ka kawo in taɓa maka."

"Na saba da shi a haka, Baba."

"To zauna mu kalla tare."

"Na bar shago ba kowa."

"Shi ke nan. Ka dawo da biyar ka ɗauki abinka. Biyar fa, kada ka wuce."

Da ya fita Baba ya daddaɓa kujerar kusa da shi. "Zo nan, Auta. Su su yi magana, ke ki faɗa min abin da ake gani."

Ta zauna. Hoto dai za ta iya canza masa. Sauti fa?

Fim ya fara. Kuma wallahi masu fim ɗin nan sun yi ƙoƙari, har Auta ta ɗan manta da damuwarta.

"Ga bas ɗin nan, Baba. Ruwan ɗorawa ce, fentin ya koɗe ta gefe. Ga Direba yana gyara madubi."

"Yana da gemu?"

"Ɗan kaɗan."

"Yauwa. Muryarsa ma ta yi, irin ta mutumin da ba ya son a san yana da kirki. Haka na zata."

"Ga Malama ta shigo. Ta rungume littattafan ɗalibai, jan biro a bayan kunne."

"Kai, sun sa jan biron? Allah ya yi musu albarka."

Yaya Nas ta juyo. "Don Allah ku bar mutum ya ji. Ku da kuka haddace."

Ina, wa zai hana Baba. Da aka tsallake wurin da takalmin Malama ya tsinke a tasha, sai da ya buga hannun kujera ya ce an cuce shi, wurin nan shi ne gishirin littafin. Amma can kuma masu fim suka kawo nasu. Sun sa tagar kujerar tana cijewa, kullum sai Malama ta yi ta fama kafin ta buɗu da wani ƙiii. Wata safiya ta taɓa ta kawai, sai ta zuge shiru.

Baba ya miƙe zaune. "Tsaya. Ba ta yi ƙara ba."

"Eh, Baba. Malama tana kallon Direba ta madubi, shi kuma ya ɓoye hannunsa, duk baƙin mai."

"Ya sa mata mai ke nan, bai faɗa ba." Ya girgiza kai yana murmushi. "Wannan babu shi a littafi. A nan kam masu fim sun fi marubuci. Wanda ya yi tunanin nan ya taɓa son wata da gaske."

Yaya Nas ta ce, "Ni mijina ko ƙofar banɗaki ya kasa sa wa mai."

Suka yi dariya, har da Auta. Amma tana dariyar tana satar kallon agogon bango. Huɗu ta wuce. Huɗu da kwata. Malama ta fara tari a aji. Huɗu da rabi, ga gadon asibiti, ga na'urar auna bugun zuciya tana ɗit, ɗit, ɗit.

"Baba, ko in haɗa maka shayi? A tsayar tukuna."

"Zauna. Yanzu ne za ta tambayi kujerarta."

A talabijin Direba ya riƙe hannun Malama. Ƙarar na'urar ta fara ja baya, ta ja baya, sannan ta miƙe ɗiiii ba yankewa.

"Me ake gani, Auta?"

"Ta... ta motsa yatsa, Baba."

"Wane yatsa?" in ji Yaya Nas.

"Tana ƙoƙarin buɗe ido..."

Yaya Nas ta danna rimot, komai ya tsaya cak.

"Ke, kina lafiya? Shekara goma sha ɗaya ina aiki da na'urar nan. In ta yi wannan ƙarar ba mai buɗe ido. Ga likita can yana ja mata mayafi, ke kina cewa yatsa."

"Yaya, don Allah..."

"Don Allah me? Baba, ba kai ka ce min tashi take yi a ƙarshe ba? To ko masu fim sun canza, ko kuma..." Ta tsaya, ta zuba wa Auta ido. Fuskar Auta ta gama ba ta amsa. "Innalillahi. Auta, ƙarya kika karanta masa?"

Auta ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga a kan rimot ɗin fanka da ta damƙe ba ta ma sani ba.

"Mutumin da ba shi da ido sai ke? In kin canza masa littafi, me kuma kika canza? Takardun magani fa?"

"Wallahi ban taɓa..."

"Nas." Muryar Baba ba ta tashi ba, amma Yaya Nas ta kama bakinta. "Mayar da fim ɗin. Mutane sun yi wahala sun shirya abu, a bar su su ƙarasa. Ke kuma Auta, faɗa min abin da ake gani. Abin da ake gani fa."

Fim ya ci gaba. Auta ta share fuska, ta faɗa masa.

"An rufe ta, Baba. Direba ya fito, ya zauna a matakalar asibiti. Bai yi kuka ba. Yana ta juya jan biron a hannunsa."

"Ci gaba."

"Gari ya waye. Ya fito da bas. Mutane suna shiga, ta cika, har wasu a tsaye. Wani mutum ya zo zai zauna a kujerar taga."

Daga talabijin muryar Direba ta fito a hankali: "Yi haƙuri, da mai ita."

"Ya miƙa hannu ya zuge tagar," in ji Auta. "Iska tana shigowa. Motar ta tashi. Shi ke nan, Baba, an fara rubutun sunaye."

Baba ya jingina da kujera. Hawaye ya gangaro masa har cikin gemu, bai share ba. Yaya Nas da ke cika baki ita ma tana can tana jan hanci a gefen rigar aiki.

"Da mai ita," in ji Baba. "Kai, marubucin nan mugu ne, amma ya iya. Ya san abin da yake yi."

Auta ta zame daga kujera ta durƙusa a gabansa. "Baba, ka yafe min. Na ga halin da kake ciki ne a lokacin. Na ji tsoron in na karanta maka asibitin nan..."

"Minti ashirin da shida."

"Na'am?"

"Kina cinye shafi ɗaya a minti biyu, in da zance da yawa minti ɗaya da rabi. Mahaifiyarki ta fi ki sauri, amma tana haɗiye kalmomi. Ranar nan kin yi minti ashirin da shida kina karatu, ban ji takarda ta motsa ba ko sau ɗaya. Agogo bakwai ne shaiduna."

Auta ta ɗago, baki buɗe.

"Da kika tashi na lalubi littafin. Zaren da kike sa alama yana nan, saura shafi goma sha uku a bayansa. Ke kin zata don ido ya tafi kunne ma ya bi shi?"

"Tun ranar ka sani?" in ji Yaya Nas. "Kuma kake ta ba mutane ƙarshen ƙarya?"

"Wa ya ce ƙarya ne? Na 'yata ne. Ke kin san abin da ake nufi da mutum ya zauna, ba takarda ba biro, ya ɗinke ƙarshen littafi ba a ga ɗinkin ba? Har tarin Malama ta sa a inda ya dace. Har ta tuna Direba ba ya iya magana in ya ji kunya, ta sa shi ya ce wai kujerar tana wurin wanki." Ya yi dariya cikin hawaye. "Ina zaune ina jin yarinyar da na goya tana yin abin da masu suna a bangon littafi suke yi. Ranar ba tashin Malama ne ya sa ni dariya ba, Auta. Ke ce."

Nan fa Auta ta kifa kai a gwiwarsa ta saki kukan da ta daɗe tana riƙewa. Daɗi ne, kunya ce, ita kanta ba ta sani ba. Yaya Nas ta matso ta dafa bayanta.

"To ni ce muguwar ke nan. Tashi, ya isa. Amma gaskiya naki ya fi, ni da za a tambaye ni."

"Kowanne da ranarsa," in ji Baba. "A wancan lokacin nata nake bukata. Yau kuma na matsa a kawo fim ɗin nan ne don in ji abin da aka ɗauke min, in gwada ko zan iya ɗauka. Ga shi na ji. Na yi kuka, kuma ban mutu ba. Ko na mutu, Nas?"

"Kana nan daram, Baba."

"To madalla. Auta, ɗauko min gwangwanin kayan gyara."

Kukan Auta ya tsaya cak.

"Baba, agogon wa za ka gyara yanzu?"

"Ɗauko dai."

Ba ta motsa ba. Yaya Nas ce ta miƙe ta ɗauko shi daga kan kabad, ta ɗora masa a cinya. Ya buɗe, yatsunsa suka wuce ƙananan sukudireba da gilashin ido ɗaya, suka zaro ambulan daga ƙasa. Gefensa duk ya yi laushi saboda yawan taɓawa.

"Wasiƙar Umma ce?" in ji Yaya Nas a hankali. Ita ba ta taɓa ganin cikinta ba, Baba aka rubuta wa.

"Ita ce. Ranar da Auta ta karanta min, ta karanta cewa in riƙa shan magani, in daina faɗa da maƙwabci a kan rediyo, in yafe mata. Sannan ta ce, shi ke nan Baba, ta sa hannu." Ya zaro takardun, ya raba su da yatsa a hankali. "Biyu ne. Ban ji an juya ba."

"Baba, don girman Allah."

"Shekara biyu ina shafa ta biyun nan. Biro ya nutse a cikinta, ina jin layukan da yatsana, layi tara ne. Ban sa kowa ya karanta min ba, don tsoro nake ji. Na ce abin da ya sa yarinyar nan ta ɓoye, wataƙila ya fi ƙarfina. Yau na san ƙarfina."

"Ba abin da zai dame ka ba ne, wallahi. Ba a kanka ba ne."

"To a kan wa?"

Auta ta kau da kai.

"Ba zan ce ki karanta ba, don na san ki, yanzu za ki ɗinka min wata mai daɗi. Nas, karɓi. Ke ba ki iya ƙirƙira ba, Allah bai ba ki ba."

Ko murmushi Yaya Nas ba ta yi ba. Ta karɓa, ta kalli rubutun Umma da ya karkace saboda ciwo, sannan ta fara karanta takarda ta biyu.

"Baban Nas, saura magana ɗaya, ita ce babba. Auta tana son yaron nan mai shagon littattafai. Ita ta faɗa min da bakinta, a nan gefen gadon, tana rufe fuska. Shi ma ya zo ya gaishe ni, na ga hankalinsa. Na san halinta, ina rufe ido za ta ce ba za ta bar ka ba, wa zai karanta maka. Kada ka yarda. Ni na koya maka son labarin soyayya, kada ka zauna kana jin na mutanen takarda, na 'yarka yana lalacewa a gefen kujerarka."

Falon ya yi tsit, sai agogo bakwai da ke ta aikinsu.

Yaya Nas ta sauke takardar, ta kalli ƙanwarta kamar yau ta fara ganinta. "Auta. Abin da kika ɓoye ke nan? Naki?"

"In na tafi wa zai zauna da shi, Yaya? Ke kina asibiti dare da rana. Wa zai faɗa masa abin da ake gani?"

"Kin tashi Malama daga gadon mutuwa don ta koma kujerarta," in ji Baba, muryarsa ta dushe. "Ke kuma kin kulle kanki a gwangwani, a ƙarƙashin sukudireba. Kuma ni na zauna a kai shekara biyu saboda tsoro. Wannan laifin nawa ne, ba naki ba."

"Baba, ya wuce. Na riga na ce masa ya haƙura. Bai ma san dalili ba, kuma ba zai taɓa sani ba."

A daidai nan, daga bayan labulen ƙofa, wani agogon hannu ya yi ƙara sau biyu.

Duk agogon bango bakwai suna kan biyar saura minti uku.

Auta ta daskare a durƙushe.

Baba ya juya fuskarsa wajen ƙofar.

"Tun daga layi na biyu na wasiƙar na ji tsayuwarka," ya ce. "Shigo, ka faɗa mata ko ka haƙura ɗin."